Babi na Bakwai: Gashin da ke Tsirowa a Bakin Harafi

Allon ya iso Dutsi a motar Katsina, naɗe cikin kwali da tsohon zane. Allon suna ne na wata ƙaramar Islamiyya da muka yi karo-karo muka gyara, layi biyu, boko a sama, ajami a ƙasa. Ni na kafe sai an sassaƙa shi a katako da inji, don na gaji da allon kwano da fentinsa ke ɓarewa kafin damina biyu. Da muka kwance kwalin a zaure, daga nesa abin gwanin sha'awa. Sai da na kai shi bakin ƙofa, inda hasken hantsi ke faɗowa a karkace, na ga kowane harafi ya yi buzu-buzu. Gefen da ya kamata ya fito tas kamar yankan reza ya cika da 'yan zaruruwa a tsaitsaye. Baƙin fentin da aka zuba cikin ramin haruffan ya bi zaruruwan nan ya nashe waje, kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. Ƙugiyar ƙ ta cikin kalmar Alƙur'ani kuwa ta ɓalle gaba ɗaya, ta bar wani farin tabo.

Na buga wa mai shagon waya. Ya ce, "Malam, ai haka katako yake. A sa masa samfefa, zai kwanta." Muka sa. Gashin ya kwanta, amma ya tafi da kaifin haruffan. Kusurwoyin suka dakushe, rubutun ya koma kamar sunan kamfani a jikin sabulun da aka yi kwana uku ana wanka da shi.

Ranar kasuwa na ɗauki allon na kai wa wani tsohon masassaƙi da ke kasa turame da muciya da allunan almajirai. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ku duba mini wannan, ina aka kuskure?" Bai tambayi wane inji ba ne, bai ma damu da rubutun ba. Ya shafa babban yatsansa a kan katakon zuwa dama, ya dawo da shi hagu, ya ɗaga allon ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kai shi hanci. Sannan ya ce, "Ɗana, itacen ɗanye ne, kuma ƙarfen da ya ci shi ba shi da kaifi. Yage shi aka yi, ba a yanka ba."

Duk abin da na koya daga baya a shagunan masu inji, da abin da na karanta, bai wuce sharhin wannan magana ba.

Katako ba dunƙule ba ne kamar sabulu ko roba. Dami ne na zaruruwa da ke kwance a tsawon gangar itace, manne da juna. A itatuwa masu faɗin ganye irin namu, tsawon kowane zare bai fi milimita ɗaya zuwa biyu ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai rake ya san yadda abin yake. In wuƙar tana da kaifi, sara ɗaya gaɓar ta rabu, fuskarta sumul. In ta dakushe, sai raken ya tauye, ya fashe, zaruruwa su yi cirko-cirko a bakin yankan. Gashin da ke bakin harafi shi ne wannan: zaren da ƙarfe ya tura ya lanƙwashe, ya wuce ta kansa, shi kuma ya miƙe bayan wucewarsa.

Injin da ake kira CNC ba don katako aka haife shi ba. An nuna magabacinsa a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka a 1952, kuma burin masu shi a lokacin shi ne yanka ƙarfen jirgin sama daidai da lissafi. Ƙarfe ba ruwansa da ta ina ka ɓullo masa. Katako kuwa yana da gaba yana da baya, kamar gashin akuya. Yawancin injinan da na gani a shagunanmu daga Sin suke zuwa, musamman birnin Jinan na lardin Shandong, kuma wanda ya fi yawa shi ne mai lamba 1325, wato teburinsa milimita 1,300 a faɗi, 2,500 a tsawo, don ya ɗauki cikakken falle mai ƙafa 4 da 8. Kwamfuta ke gaya masa inda zai bi, motarsa na juya ƙarfen yanka, wato baki, sau 18,000 har zuwa 24,000 a minti. Yana bin layi ba kuskure, amma bai san kwanciyar itace ba, bai san ɗanye ba, bai san ya dakushe ba. Masassaƙi da gizago yana jin duk wannan a wuyan hannunsa, ya juya itacen ya sare shi ta ɗaya ɓarin ba tare da ya yi tunani ba. Mai inji dole ya san abin tun kafin ya danna maɓalli, don in aiki ya fara babu mai juyawa.

Rubutu kuma ya fi komai tona asirin wannan rashin sani. In kana yanka madaidaicin layi, hanya ɗaya kake fuskantar zaren. Amma ɗauki harafin o. Kafin baki ya kewaye shi ya dawo, ya bi zaren a tsawonsa, ya gitta shi, ya hau shi a karkace ta inda yake kwanciya, ya kuma hau shi ta inda yake tashi. Shi ya sa za ka ga kusurwa biyu na harafin sun fito sumul, sauran biyun sun yi gashi. Ajami ya fi tsanani, don kusan duka lanƙwasa ne da jela, ga ɗigo da wasali ƙanana kusa da juna, tsakaninsu ɗan siririn katako da ba shi da abin jingina.

Mu fara da ruwa, tunda da shi Baba ya fara. Katakon da ake sayarwa a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, da wanda ke ƙarasowa Katsina da Daura, mafi yawansa daga dazuzzukan kudu yake, kuma sau da yawa ana loda shi a mota bai daɗe da barin zarto ba. Zaren da ya sha ruwa laushi gare shi, lanƙwashewa yake yi a gaban ƙarfe maimakon ya tsinke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma wanda zai rubuta a kansa tanƙwarar ce abokiyar gabarsa. Katakon da ruwan jikinsa ya sauko zuwa kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari shi ke yankuwa da tsabta. Akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako ta faɗi yawan ruwansa, kuɗinta bai kai na allo ɗaya da aka ɓata ba, amma da wuya ka gan ta a shago. Mu nan arewacin Katsina Allah ya ba mu abin da wasu ƙasashe ke gina ɗakin wuta don su samu, wato iskar hunturu. A jera katako a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, a danne saman da nauyi kada ya karkace, a shafa wa bakinsa biyu tsohon fenti kada ya tsage. Ba a shanya shi a rana. Malaina ita ce mai jan rai, tana daɗewa da ruwa a ciki ko da wajenta ya bushe, kuma ina kyautata zaton ita aka yi mana allonmu da ita.

Sai irin itacen. Farin katako mara nauyi da kafintoci ke kira obece yana da daɗin aiki da araha, amma laushinsa ya sa in ƙarfe bai kai reza kaifi ba sai ya murmushe. Madaci yana da kyau da nauyi, sai dai zarensa a sarƙe yake, wani layi ya kwanta dama, na kusa da shi ya kwanta hagu, don haka duk ta inda ka bi kana saɓa wa wani. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno a 1928 kuma yau ita ce inuwar kowane gari a yankinmu, ita ma haka zarenta yake. Iroko yakan ɓoye wani farin abu mai tauri kamar dutse a cikinsa, wanda ke dakusar da baki nan take. Akwai kuma wani aibi da ido ba ya gani da wuri. Itacen da ya girma a karkace, ko babban reshe, yakan yi wani irin zare mai yauƙi a ɓarinsa na sama don ya riƙe kansa kada ya faɗi. Katakon da aka tsaga daga nan gashi yake yi ko da ya bushe ƙayau, ko da bakin sabo ne. Ana gane shi tun a injin share katako: in falle ya fito da wani yanki mai laushi kamar bargo, kada a rubuta a wurin.

Ba banza ba masassaƙanmu suka zaɓi aduwa don allon karatu. Zaruruwanta ƙanana ne, a matse, tana gogewa ta yi santsi, tawada ta zauna a kanta ba ta nashe ba, a wanke a sake rubutawa shekara da shekaru. Abin da ke sa alƙalami ya ji daɗin itace shi ne abin da ke sa bakin inji ya ji daɗinsa. Ƙirya da kanya da marke ma suna da wannan matsewar. Sai dai ba zan ba kowa shawarar ya sare su don allon shago ba. Duk wanda ya bi hanyar Shargalle zuwa Daura ya ga abin da ya rage na manyan itatuwa a gonaki. Madaci da kawo ma tun 2022 aka sa su cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan fitar da su ƙasashen waje. Allon suna ba ya cin katako da yawa, guntun da ya rage daga aikin ƙofa ko gado ya ishe shi, kuma irin wannan guntun yawanci ya riga ya bushe.

Yanzu ƙarfen. Bakin da ake rubutu da shi mai tsini ne kamar harafin V, kuma an fi amfani da mai kusurwa 60 da mai 90. Inda harafi ya yi faɗi sai ya nutse, inda ya sirance sai ya taso, shi ya sa rubutun ke fitowa da kauri da siranta kamar na alƙalami. In faɗin layin harafi milimita 6 ne, mai 90 zai nutse milimita 3, mai 60 kuwa sai ya wuce 5. Don haka ƙananan haruffa sun fi son mai 60, su samu zurfin da za su yi inuwa, manya kuma mai 90 ya ishe su. Amma tsinin kansa, can ƙasa, kusan ba ya yanka komai, don a tsakiyar juyi yake, gugar katakon kawai yake yi. Shi ke fara mutuwa. Baki zai iya zama da kaifi a gefe alhali tsininsa ya tafi, sai ka ga siraran jelolin haruffa sun fi ko'ina gashi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a shaguna da yawa shi ne baki ɗaya ake yi wa komai. Da safe ya ci MDF, da rana ya ci roba, da yamma a ɗora masa madaci. MDF garin katako ne da aka dama da gam aka matse, kuma gam ɗin yana cinye kaifi da sauri. Bakin da ya kwana a cikinsa bai dace da rubutu a katako ba. A ware baki ɗaya na rubutu, a ajiye shi cikin kwalbarsa, kada ya gogi wani ƙarfe. Wani lokaci ma ba dakushewa ya yi ba, ƙaro ne na itace ya ƙone ya manne masa, in an jiƙa shi an goge da tsohon buroshin haƙori sai ya dawo. Gwajin kuwa irin na wanzamai ne: a goga gefen a hankali a kan farce, in ya kankaro ɗan gari yana da rai, in ya zame ya wuce ya gama. A kuma duba mariƙin da ke damƙe bakin. In ƙura ta shiga cikinsa bakin zai riƙa kaɗawa, haƙori ɗaya na ci, ɗayan na dukan iska.

In haruffan manya ne, har sai an fafe cikinsu da baki mai lebur, to a lura da murɗin bakin. Akwai mai murɗin da ke jawo ɓarɓashi sama, akwai mai danna shi ƙasa. Mai jawowa sama yana share rami da kyau, amma yana ɗaga zaren saman katakon ya yage shi, a daidai inda ido ke kallo. Mai dannawa ƙasa yana tura zaren cikin katakon ya yanke shi a kan 'yan'uwansa, gefen ya fito tas. Aibinsa shi ne yana cusa gari cikin ramin, don haka ba a nutsa shi da yawa a tashi ɗaya.

Akwai kuskuren da mai tsoro ke yi, kuma na ga an yi shi da kyakkyawar niyya. Yaron shago yana son aiki ya yi kyau, sai ya rage tafiyar injin, ya bar juyin a ƙololuwa. A ganinsa a hankali ya fi tsabta. Lissafin ba haka ya ce ba. In baki mai haƙori biyu yana juyi 18,000 a minti, yana tafiyar milimita 3,600 a minti, kowane haƙori yana gutsurar kashi ɗaya cikin goma na milimita. In aka mayar da tafiyar 600, abin da haƙorin ke samu bai kai kashi biyu cikin ɗari na milimita ba. Wannan ba gutsura ba ce, shafa ce. Zaren sai ya kauce, ƙarfen ya yi zafi, katakon ya yi baƙi, kaifin ya mutu da wuri. Ba sai ka duba kwamfuta ba, ɗebo abin da ke zubowa ka duba a tafin hannu. In 'yan ɓarɓashi ne masu siffa kamar tsaki, injin yanka yake yi. In gari ne lilis mai ɗumi da ƙauri, guga yake yi. Sai a ƙara tafiya ko a rage juyi.

Dabarar da ta fi burge ni kuwa ba ta cikin injin. Tela ya san shadda mai sitaci ta fi daɗin almakashi, wanzami kuma yana miƙe fata da yatsa kafin ya ɗora aska. Haka ake yi wa katako. Kafin a sassaƙa, a goge fuskarsa da samfefa har ta yi santsi, a shafa masa silar da kafintoci ke sa wa kujeru kafin banish, sau biyu, a bari ta bushe sosai. Silar tana shiga tsakanin zaruruwan sama ta ƙame su, in ƙarfe ya zo sai ya same su a tsaye, su tsinke maimakon su sunkuya. Kada a yi amfani da abin da aka dama da ruwa, don ruwa shi ke tayar da zare. Wasu sukan ƙara da manna ledar sitika a kan fuskar, injin ya yanka ta tare da katakon. Bayan an gama, a sake shafa sila cikin ramin haruffan, ta bushe, sannan a sa fenti, sannan a ɓare ledar. Silar ta toshe bakin zaruruwan da aka yanke, fentin ba shi da hanyar da zai bi ya nashe. Wannan matakin aka tsallake a allonmu.

Sannan kada a kwance katakon daga tebur da an gama zagayen farko. A bar ɗan abu kaɗan, kamar rabin milimita ko ƙasa da haka, a yi zagaye na biyu ya kwashe shi. Ko a shafa sila a ramin, a jira, a sake tura injin ya bi sawunsa na farko. Gashin da ya sunkuya ɗazu yanzu ya ƙame, sai a aske shi. A rami ɗaya, bango ɗaya baki na cin sa ta hanyar da juyinsa ke bin tafiya, ɗayan kuma ta hanyar da yake saɓa mata, shi ya sa sau da yawa gefe ɗaya ke yin kyau ɗayan ya yi gashi. Manhajojin zane irin su Aspire da ArtCAM suna ba da damar juya alkiblar yankan gefe, kuma a katako mai sarƙaƙƙen zare wannan juyin kaɗai yakan canja aikin. Mai riƙe da injin hannu dai ya yi hattara da yankan da ke bin juyi, don injin kan fizge daga hannu.

Abin da ya rage bayan duk wannan ɗan kaɗan ne, kuma ba samfefa a tafin hannu ake bin sa da ita ba. Buroshi mai taushi ake bi da shi cikin ramin, sai wuƙa mai kaifi ko ƙaramar cizal a tsince na kusurwa ɗaya bayan ɗaya. In za a goge fuskar, a naɗa samfefar a guntun katako mai lebur don ta ci sama kawai, kada ta faɗa cikin harafin ta cinye bakinsa. A sa ƙyalle a hanci, musamman in MDF ne, don ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. MDF ɗin ma, ko da fuskarsa tana yankuwa sumul, ba na waje ba ne. Ruwan Agusta ɗaya ya isa ya kumbura shi.

Ƙugiyar ƙ tana buƙatar magana ta daban. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna da 'yar ƙugiya a sama wadda ke kewaye wani ɗan tsibirin katako. In harafin ƙarami ne, tsibirin bai fi ƙwayar gero ba, zarensa gajere ne, ba abin da ke riƙe da shi, baki na taɓa shi sai ya tashi. Da yawa daga masu inji sun gano haka, sai suka zaɓi hanya mai sauƙi, suka daina sa ƙugiyar, suna rubuta k a wurin ƙ. Wani lokaci ma salon rubutun da ke kwamfutarsu ba shi da haruffan sam. Wannan ba gyara ba ne. Kafa daban, ƙafa daban, kuma allon da ke ƙofar makaranta yara suna koyon rubutu daga gare shi kullum safe ko ba a ce su koya ba. Maganin shi ne a zaɓi salon da ke da haruffan Hausa, mai kauri, a ƙara girman rubutun, a buɗa ƙugiyar kaɗan a zane, a rage zurfi a wurin.

Allo na biyu ba mu yi gaggawarsa ba. Wani kafinta a Daura ya ba mu guntun madaci da ya rage daga ƙofar da ya yi shekara biyu da suka wuce. Na kai shi wani shagon dabam da kaina, da sabon baki mai kusurwa 60 a aljihu. Kafin a taɓa allon, na roƙi yaron da ke kan injin ya yanko ɗan ƙarshen katakon mu gwada. Ya ce, "Me za mu rubuta, Malam?" Na ce ya rubuta o, da ƙ, da harafin sin na ajami mai haƙora uku. Sau uku muka gwada. A na farko gefen hagu ya yi gashi. Ya ƙara tafiya, ya ragu. A na uku, bayan sila da zagaye na biyu, na kai guntun bakin ƙofa na karkata shi ga haske, na bi bakin ƙugiyar da farce, ba abin da ya kama.